Askin Hancin Kaka

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya yi wa jikin bawa ƙofofi, ya kuma ajiye musu masu tsaro, nake buɗe wannan hikaya. Ni ne Arzika ɗan Nomau, wanzami jikan wanzamai, wanda ƙafa ta kai shi inda ba a taɓa jin sunan garinsu ba. Yanzu na tsufa, hannu ya fara rawa, na ajiye aska. Na yi fushi iri-iri a duniya, duk sun huce sai guda ɗaya. Shi zan ba ku labarinsa, domin har yau in na tuna, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Tambaya ce ta fitar da ni daga gida. Wanzami ya san fata, ya san ganuwa ce busasshiya mai kauri. To amma baki da hanci fa? Ƙofofi ne a buɗe, iska na shiga da duk abin da ta kwaso, naman da ke ciki kuwa taushi gare shi kamar na jariri, ko farce ya isa ya yage shi. Me ke tsare shi? Na tambayi mahaifina, ya ce in koma in ƙarasa wasa aska. Na tambayi masana, kowa ya ba ni amsar da ba ta ƙosar da ni ba. Sai na rataya zabirata na kama hanya.

Na ratsa ƙasar da koguna ke tasowa daga teku su hau duwatsu. Na yi wa wani sarki gyaran gemu, sai da aka fara lallashin tsuntsayen da suka yi sheƙa a ciki suka tashi. Duk ban sami amsa ba, har na iso bakin Filin Toka, inda duwatsu suka ƙone tun zamanin da, tokarsu ta rufe ƙasa iyakar ganin ido.

Ina tsaye iska ta taso da toka. Na hango wani tudu mai kogo biyu a jere, na ruga in fake a na dama. Ina sa ƙafa sai wata iska ta fizge ni ciki kamar an zuƙi ƙuda. Ashe ba tudu ba ne. Wata dabba ce da mutanen can ke kira ɗaukigari, ta kwantar da haɓa a ƙasa tana hutawa, ni kuwa na shiga kafar hancinta da ƙafata.

Farko na faɗa cikin gashi, kowane sili kamar gora, sun tare ganyaye da tsakuwa har da wata kurciya da ke ta fiffika. Ni dai nauyina ya ratsa da ni, na wuce na faɗi ruf da ciki a kan wani abu mai yauƙi, mai ɗumi, ya fi miyar kuɓewa kauri. Na ɗaga hannu ya biyo ni, na ɗaga ƙafa ya riƙe. Hasken rana na ratso naman ja-ja-ja, kamar in ka kare rana da tafin hannu, don haka ina ganin komai.

Can na lura ba a tsaye nake ba, tafiya ake yi da ni. Na leƙa ƙarƙashin yauƙin, sai ga wata ciyawa mai laushi ta rufe naman kaf, tana kaɗawa duk gefe guda ba hutawa, tana tura shimfiɗar yauƙin nan zuwa ciki da duk abin da ya maƙale a kai. Toka ta maƙale. Haka ma ƙwarin toka, waɗansu miyagun ƙwari masu girman fara da baki kamar basilla. Ba ruwansu da mutum, naman ɗaukigari suke nema su huda su yi gida. Na ga suna ta soka baki, amma yauƙin ya yi musu zurfi, ba sa isa ga nama. Ga kuma waɗansu 'yan abubuwa kamar gwafa suna yawo a ciki. Da gwafa ta haɗu da ƙwaro sai ta cafke masa baki, ta cafke na kusa da shi, a haɗa su dami guda a wuce da su. Ba faɗa, ba jini.

Na manta da tsoro, na ce, “Allahu Akbar! Ashe ke ce!” Da majina nake magana, jama'a, ba na ɓoye muku.

A makwararar maƙogwaro, inda kafofin hancin biyu suka haɗu, akwai waɗansu tuddai biyu na nama. A nan fararen masu gadi suke, halittu marasa ƙashi kamar curin ƙullu mai tafiya. Cikin duk abin da ya zo wucewa sai su ciri ɗaya su jujjuya, su shinshina. In ƙwaro ne su auna bakinsa, su shige da shi cikin tudu, can sai ka ga sababbin gwafofi na fitowa daidai bakin irinsa. In garin fure ne ko irin ciyawa, su sake shi ya wuce salin-alin. Ni ma suka kama ni, suka mirgina ni gaba da baya, suka ga ba mahuji ba ne, suka sake ni.

Sakin nan ne ya tayar mini da hankali, domin gaba rami ne, wani tsami mai ƙona ido na tasowa daga ciki, can ake haɗiye duk abin da aka kwaso. Da ƙyar na zaro hannu na kwance ƙullin garin masoro da ke zabirata, na watsa shi duka sama. Naman ya yi rawa. Dabbar ta ɗaga kai, ta ja numfashi, ta ƙara ja, sannan ta yi atishawar da ta fi aradu. Na fita kamar ƙwallon goriba daga bakin yaro, na yi sama, na wulwula, na faɗo a kan tarin auduga a tsakiyar wata kasuwa.

Gari ne sosai a kan bayan dabbar, da soraye da rijiyoyin tara ruwan sama. Sunansa Sumul, kuma sunan ya bi shi. Bango a goge, ƙasa a daɓe tana ƙyalli, tufafi farare fat. Mutanen kuwa ba gashi ko sili a jikinsu, kai ƙwal, ba gira, ba gashin ido, da duwatsu masu kaifi suke kankarewa. In ka gaishe su sai su ce, “Lafiya sumul,” kuma da gaske suke. A wurinsu abin da ya yi santsi ya bushe shi ne mai lafiya, abin da ke da danshi ko gashi ciwo ne. Ku dubi yadda na sauka a cikinsu, ga gemu, ga majina tun daga kai har ƙafa.

Kasuwa ta watse. Wata tsohuwa ce kaɗai ta matso, ta toshe hanci da mayafi, ta zungure ni da sanda.

“Mutum ne ko kaki?”

“Mutum ne, Iya. Baƙo ne.”

“Baƙo ta ƙofa yake shigowa. Kai ta ina ka shigo, Majinau?”

Sunan da ya bi ni ke nan har na bar garin. Ita ce Magajiya Tabawa, gwaggon Sarki, mai kula da abincin dabbar. Ita dabbar kuwa duk gari Kaka suke kiranta, don ta goyi kakanninsu. Ta sa aka wanke ni da soso har fatata ta yi ja, sannan aka kai ni gaban Sarki Gogau.

Kada ku zaci azzalumi ne. Mutum ne mai fara'a, mai taushin murya, yana son Kaka kamar ransa. Aka zazzage zabirata a gabansa. Da ya ga asake na ƙarfe sai ya ɗauki ɗaya ya shafa a hannu, idonsa ya yi haske.

Ya ce, “Baƙo, Allah ne ya jefo ka.”

Ya ba ni labari. Kiwon wannan gefen ya ƙare, dole Kaka ta ratsa Filin Toka zuwa Koren Kwari, kamar yadda take yi sau ɗaya a zamanin kowane sarki. A can sauran ɗaukigari ke haɗuwa da garuruwansu. A zamanin mahaifinsa ta isa da baƙar majina tana zuba har ƙasa, maƙwabta suka yi musu waƙa, yara na binsu suna ja da hanci.

“Mahaifina da baƙin cikin nan ya mutu,” in ji shi. “Ni ba za a yi wa Kaka dariya a zamanina ba. Za ka aske mata gashin hanci, ka kankare ƙazantar nan har ciki, a wanke, a busar. An ce akwai waɗansu ƙullutai biyu a maƙogwaro, su ma ka cire. Ta isa sumul.”

Na ɗauka wasa yake, na yi dariya. Ba wanda ya taya ni.

Na ce, “Ranka ya daɗe, daga can na fito. Abin da kake kira ƙazanta shi ne garkuwarta.” Na kwashe duk abin da na gani na faɗa, ciyawa da gwafa da fararen masu gadi. Fadawa suka dinga duban juna suna danne dariya.

Magajiya ta ce, “Ka ji shi! Ya sha majina ya ƙoshi, yanzu yana yi mata kirari.”

“Iya, za ku shiga toka da ƙwari, ku ce za ku tuɓe mata riga a bakin hanya?”

“Kai da ka san ta yau za ka fi mu son ta? Ni na ba ta abinci tun kafin uwarka ta yaye ka.”

Na miƙe tsaye a gaban Sarki, abin da ba a yi, na ce hannuna ba zai taɓa wannan aiki ba ko za a yanke shi. Sarki bai yi fushi ba. Ya dube ni da tausayi, ya ce tafiya ta gajiyar da ni, a ba ni ɗaki in huta, a sa mini mai tsaron ƙofa. Asakena kuwa ya aika wa maƙera su ƙera irinsu manya, kowace kamar lauje.

Ina ɗaki ina jin ƙarar maƙera, ina zagaye kamar kura a rami. Da na ga ba makawa sai na aika a kira Magajiya.

Na ce, “Tunda kun rantse sai kun yi, ku yi bisa ƙa'idar sana'a. Ba a taɓa ɓangare biyu tare. A yi dama, a jira ta huce, sannan hagu da ƙullutai.”

Wannan doka a bakina aka haife ta a lokacin. Amma Sumulawa na girmama ƙa'ida, suka karɓa.

Aka yi wa Kaka askin dama da kiɗa da guɗa. Ta taga na ga ana fito da gashi dami-dami kamar girbin dawa. Suka kankare yauƙin da sakaina, suka bi da soso da sabulu, ciyawar nan mai laushi duk ta bi ruwan wanki. Suka kunna hayaƙi suka busar. Kaka na nishi, idonta na zubar da ruwa, su kuwa suna cewa daɗi take ji. Mata na ta shafa ta suna cewa, “Sannu Kaka, kin zama amarya.” Wallahi da mugunta suka yi da abin ya fi zo mini da sauƙi.

Aka shiga Filin Toka. Da farko Kaka na tafiya kamar kullum, gari na lilo a hankali. Sannan ta fara tari busasshe. Sannan ƙasar gari ta fara ɗumi, har ta kai ba mai iya taka ta ba takalmi, domin zazzaɓi ne a ƙarƙashinmu. Tafiya ta ragu, numfashi ya koma gurnani. Wata rana da hantsi gwiwarta ta gaba ta sare, ta durƙusa. Unguwar masaƙa da ke kan kafaɗarta ta zube gaba ɗaya. Aka tono waɗanda aka tono, aka binne waɗanda aka binne a cikin toka. Gabas toka, yamma toka. In Kaka ta mutu a nan, ba mai kai wa ruwa da ƙafarsa, daga su har ni.

Aka fito da ni aka kai ni dandali, gari duk ya taru. Na ɗauka hankali ya dawo. Sai Sarki ya nuna mini fuskar Kaka daga kan soro.

“Dubi dama, baƙo. A bushe, tsaf. Dubi hagu.”

Hagu na zubar da baƙar majina kamar kwata, tana aikinta, tana fitar da toka.

“Ga inda ciwon yake,” in ji Sarki. “Kai ka sa muka bar rabin cuta a jikinta. Yau za a ƙarasa.”

Jama'a suka amsa da ihu. Har da waɗanda suka binne 'yan'uwansu, su suka fi kowa ɗaga murya. Kafar hanci ɗaya ta rage wa baiwar Allah nan da take shaƙar rai da ita, ita za su kankare, don so! Na buɗe baki in zage su tas, sai na ga zagi ba zai hana lauje shiga ba. Na haɗiye.

Na ce, “To, ni zan yi da hannuna, don cire ƙullutu ba aikin kowa ba ne. Amma ba a yi wa mutum aiki sai nasa na kusa na tsaye a kansa. Sarki da Magajiya za su shiga tare da ni. Ta dama za mu bi, tunda ita ce mai tsabta, mu ɓullo wa hagu ta baya.”

Fadawa suka yi ca. Sarki ya ɗaga hannu, ya ce don Kaka ba abin da ba zai yi ba. Magajiya ta ce, “In ka yi mana wata dabara, Majinau, da sandar nan zan fasa maka kai.”

Aka ɗaura mana igiya a ƙugu, aka saukar da mu. Tun daga bakin kafa zafi ya doke mu kamar tanderu. Ba gashin da zai tare komai, toka na shiga kai tsaye tana dukan nama. Naman da na bari ja mai sheƙi ya tsattsage kamar tafkin da ya ƙafe, jini ya bushe a tsagogin. Ko'ina ƙwarin toka ne, sun nutsa har kafaɗa, sai bayansu kake gani suna motsi. Fararen masu gadin nan sun ratso ta cikin nama sun fito yaƙi a fili, suna haɗiye ƙwari suna mutuwa, gawarwakinsu sun taru sun zama mugunya har gwiwa. Hanyar da na san ta da faɗin titi ta kumbura, sai a sunkuye muke wucewa.

Magajiya ta taɓa naman, Kaka ta yi wani nishi da ya girgiza mu.

Sarki ya ce, “Wa ya yi mata wannan?”

“Ranka ya daɗe, ga sawun laujenka nan a jere, ƙirga su.”

“Daga waje fa tsaf take.”

“Gawa ma tsaf take in an wanke ta.”

Ban san na faɗa ba sai da ta fita. Kafin ya amsa, Kaka ta ja wani dogon numfashi. Ni da Magajiya muka dafe wata tsaga. Sarki ya kai hannu, ba abin kamawa, ko'ina sumul. Igiyarsa ta kwance, iska ta ɗauke shi, muna ji yana salati yana gangarawa wajen maƙogwaro.

Muka bi da rarrafe. A makwararar maƙogwaro muka same shi, a bakin ramin, kwance rigingine cikin yauƙin da ke gangarowa daga hagu. Yauƙin ne ya cafke shi. Farar rigarsa ta koma baƙa, fararen masu gadi sun kewaye shi suna jujjuya shi suna shinshinawa, shi kuwa yana ta, “Gwaggo! Gwaggo, ki ce su bari!”

Magajiya ba ta ko dube shi ba. Hagu take kallo. Sanyi na fitowa daga can, naman lafiyayye, ciyawa na kaɗawa, ƙwari na wucewa a ɗaure dami-dami, ko ɗaya bai taɓa nama ba. Ta daɗe tana kallo.

Na ce, “Iya, ramin nan yake nufa fa.”

“Bar shi su gama shinshina shi tukuna.”

Sai da ƙafarsa ta fara leƙa rami ta jefa masa bakin igiyarta, muka ja shi da ƙyar. Ya tsaya yana ɗiga, yana haki. Na jira in ji abin da zai ce. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya dubi rigarsa.

Ya ce, “Kada kowa ya ji wannan. In muka isa da ita tana zuba haka, me maƙwabta za su ce?”

Jama'a, da ba sarki ba ne! Magajiya ta riga ni.

“Ɗan nan, ni na yanke maka cibiya, kuma da majina ka zo duniya kamar kowa. Wuce mu fita.” Ta juyo gare ni. “Kai kuma ka daina hura hanci, ka faɗi abin yi.”

Na faɗa. A ba Kaka duk ruwan wankan gari ta sha, don yauƙi ba ya samuwa a jikin da ya bushe. A jiƙa fararen zannuwa a rataya a bakin dama, su tace toka a madadin gashi. Sannan a ɗebo yauƙin hagu daga ciki, inda bai yi baƙi ba, da gwafofinsa, a kai dama a shafe naman da shi.

Da ta faɗa wa gari, ba wanda ya motsa. Wani ya ce gara ya mutu da tsabtarsa. Magajiya ba ta yi musu da kowa ba. Ta ɗauki ƙwarya, ta sa aka saukar da ita, ta cika ta, ta ɗora a kanta, ta ratsa ta kan leɓen Kaka a gaban idon kowa, abin na malalo mata a wuya. Ta je ta dawo. Ta sake zuwa ta dawo. Sai wata mata daga unguwar masaƙa, wadda ta binne mijinta, ta shiga dama don ta taya ta. Da ta ga abin da muka gani, ta fito ta ɗauki tata ƙwaryar. Daga nan layi ya miƙe.

Haka muka yi ta yi, gari ba wanka, kowa na wari, kowa na yauƙi. Ni ina ciki ina cire ƙwari da hantsaki, ina kwashe mugunya. Ƙasar gari ta fara sanyi kaɗan-kaɗan. Kumburi ya saɓe. Wata safiya soraye suka yi ƙara, gari ya karkata, ya daidaita. Kaka ta miƙe.

Ta kai mu Koren Kwari a makare, ƙashin haƙarƙarinta a waje. Ta sa baki a ciyawa, mutane suka fashe da kuka. Na shiga dama na duba. Ciyawar nan ta tsiro nan da can kamar gonar da fari ya ci, sauran wurin tabo ne, busasshe, ba zai ƙara danshi ba. Gashi kuwa bai dawo ba. Zannuwan nan sai dai su zauna a rataye har ƙarshen ranta.

Ina fitowa na ji sankira na shela. Wai Sarki na sanar da jama'a da maƙwabta cewa askar baƙo ce mai dafi ta jawo wa Kaka ciwo, aski kuwa ba shi da laifi. A mayar wa baƙo zabirarsa ya sauka yau. Na ga mutanen da muka ɗauki ƙwarya tare suna gyaɗa kai, har sun yi wanka, har sun sake farare.

Magajiya ce ta rako ni bakin tsani, da ƙullin guzuri.

Na ce, “Iya, kin ji abin da ake faɗa?”

“Na ji. Kunnena ba a aske shi ba.”

“Za su sake yi.”

“Ba da raina ba. Sauka, Majinau, rana na yi. Ka riƙa rufe baki in kana tafiya, kada wata ta sake shaƙe ka.”

Na sauka. Da na yi nisa na waiwaya. Garuruwan maƙwabta sun fara matsowa, ga waɗansu Sumulawa sun jingina tsani a kafar hagu, da soso da laujuna a kafaɗa. A saman tsanin kuwa ga wata 'yar ƙaramar siffa zaune, ta gicciye taɓarya a cinya. Ba wanda ya hau, ba kuma wanda ya ɗauke tsanin. Magajiya ce, tsohuwa ƙwarai, ta girme ni nesa ba kusa ba.

Na juya na ci gaba da tafiya, na daɗe ina jin tarin Kaka a bayana.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Wanda ya ji, in ya ɗaga hannu ya sa tsohuwar nan a addu'a, Allah ya ja kwananta.